Shekara Ukun Da Aka Ce A Libiya Ya Yi

Masu bina a wannan shafi, ina gaishe ku. Wasu sun turo saƙo suna cewa ba ni da zuciya, wai ina ba da labarin aurena kamar mai karanta sanarwar makaranta. Ban musa ba, haka Allah ya yi ni.

Ga sababbin zuwa: sunana Samiha, shekarata ashirin da shida. A Zogbeli aka haife ni, nan cikin Tamale, kakana ne ya zo daga Nijar fataucin goro ya zauna. Ni ce sakatariya a wata makarantar yara mai zaman kanta a Nyanshegu. Akwai mai nemana, sunansa Abdul-Wadud, kuma an sa ranar Lahadi danginsa su kawo goro. Abin da zan faɗa muku ya faru ne cikin kwana goma kafin wannan Lahadin.

Rabin aikina bincikar mutane ne. Duk wanda makarantarmu za ta ɗauka, direban bas ne ko mai gadi ko mai dafa abinci, sai ya kawo takardar 'yan sanda da ke nuna ba a taɓa ɗaure shi ba. Bayan takardar kuma sai in zauna gaban kwamfuta in buga sunansa, in duba tsofaffin jaridu, in duba jerin shari'o'in da ake sakawa a intanet. Sau ɗaya na taɓa samun abu mai nauyi a kan wani mai neman gadi, kuma tun daga ranar hannuna ya saba. Telan da ke mini ɗinki ma na buga sunansa.

Baba ne ya kawo Abdul-Wadud gidanmu, wata bakwai da suka wuce. Ya ce a masallacin Nyohini suka san juna, yaro ne mai hankali, yana da shagon haɗa tagogi da ƙofofin alminiyom. Ba tilasta mini aka yi ba, kada wani ya ƙara wa labarin gishiri. Cewa aka yi in fita in gaishe shi, na fita. Na tarar da mutum dogo, baƙi, mai ɗan gemu, sanye da batakari, rigar saƙi ta mutanen nan, mai ratsin shuɗi da fari, ya ajiye takalmansa a jere bakin tabarma kamar wanda za a duba. Ba ya yawan magana. In ya yi dariya sai ya sunkuyar da kai. An ce ya yi shekara uku a Libiya yana aikin gini, a can ya koyi sana'a.

A daren farko na buga "Abdul-Wadud Mutaru". Ba abin da ya fito sai shafin shagonsa da hotunan tagogi. Na rufe, na ce madalla.

A hankali na saba da shi. Kowace safiya ƙarfe shida da rabi saƙonsa zai shigo, kullum iri ɗaya, gaisuwar safiya da yaren mutanen garin nan: "Dasiba, Sakatariya." Ni kuma in mayar: "Naa." Wani lokaci ya ƙara da hoton shayinsa. Ya gyara tagar ɗakin Mma, mahaifiyata, ba wanda ya sa shi. Ban ce ina mutuwar sonsa ba, amma ranar da saƙon ya yi latti sai da na duba waya sau huɗu.

Mma kuwa ta riga ta gama ɗaura auren a ranta. Ranar Laraba na dawo aiki na same ta a tsakar gida ta baza leshi kala uku a kan tabarma, ruwan zuma, fari da ruwan hoda, tana ɗaga kowanne a rana.

"Zo ki zaɓa," ta ce. "Ranar Lahadi ba za ki fito wa mutane da wannan siket ɗin ofis ba."

"Mma, goro kawai za su kawo. Ba ma ganina za su yi ba."

"Mata za su shigo ciki. Ƙanwarki Adiza tana da 'ya'ya biyu, ke kina nan kina buga kwamfuta. Zaɓi."

Na nuna ruwan zuma. Ta ce fari ya fi, ta naɗe farin.

Washegari Alhamis Abdul-Wadud ya biyo ta makarantarmu a kan babur. Wani kamfanin gini zai ba shi aiki, suna son kwafin katinsa na ɗan ƙasa, ya ce ko zan taimaka. Na karɓa na shiga ofis. Ina ɗora katin kan na'ura idona ya sauka kan sunan: Wadudu Mutaru Andani. Ba Abdul a gaba, ga kuma Andani a baya wanda ban taɓa ji ba. Wannan ba abin mamaki ba ne a garin nan, mutum na iya samun suna uku a takardu uku. Na ba shi kwafinsa, ya yi godiya, ya tafi.

Ina komawa kujera na buga sabon sunan. Ba don zargi ba, hannu ne kawai.

Abu na uku da ya fito tsohon labarin jarida ne na shekarar 2016, layi shida, ba hoto. Wata kotu a Tamale ta ɗaure wani matashi, Wadudu Andani, ɗan shekara ashirin da biyu, shekara uku a gidan yari. Ya tuƙa motar kaya ba lasisi, ya buge wata mata mai sayar da ƙuliƙuli a bakin hanyar Savelugu da sassafe, ta rasu kafin a kai ta asibiti. Sunanta Lariba, ta bar 'ya'ya uku. Ya amsa laifinsa.

Na lissafa shekarun da ranar haihuwar da na gani a katin. Sun yi daidai. Shekara ukun Libiya ma sun yi daidai.

Za ku so in ce na yi kuka ko na jefar da waya. Abin da na yi shi ne na gama buga wasiƙar taron iyaye, na kai wa shugabar makaranta ta sa hannu, na ci wake da shinkafata. Sai bayan an tashi na kira Zuhuratu.

Zuhuratu ƙawata ce tun firamare, yanzu tana aiki a ofishin wani lauya. Na karanta mata labarin a waya.

"Wadudu Andani nawa kike tsammani akwai a Tamale?" ta ce. "A layinmu kaɗai akwai biyu."

"Shi ya sa na kira ki. Ta yaya zan tabbatar?"

"Takardar 'yan sanda ba za ki samu ba, sai shi da kansa ya je an ɗauki zanen yatsunsa. Amma shari'ar da aka gama ba sirri ba ce. Ana rubuta takardar neman bincike a kai wa rajistaran kotu. Sai dai, Samiha, in kin buɗe fayil ba ya rufuwa. Kin tabbata?"

"Rubuta mini."

Ranar Litinin muka kai takardar. Matar da ke kula da fayiloli, Madam Maltiti, Badagomba ce mai tabarau a kan hanci, Hausarta irin ta kasuwa, ba ruwanta da namiji ko mace. Ta karanta, ta dube ni daga mayafi har takalmi.

"Mijinka ne?"

"Tukuna."

"To gara yanzu," ta ce. "Wasu sai ya haifi uku kafin ya zo nan. Dawo Alhamis, fayil ya tsufa, sai an tona."

Kwana ukun nan ban canza komai ba. "Dasiba, Sakatariya." "Naa." Ranar Talata ya turo hoton wata taga da ya gama, ya rubuta: "Irin wannan zan sa a ɗakinki, mai raga, sauro ba zai gan ki ba." Na mayar masa da alamar dariya. Na je wurin tela aka gwada ni da farin leshin, hannun ya yi tsawo, aka rage. Mma ta aika aka sayo kwanuka sababbi. Da daddare ina jin Baba a waya yana gaya wa ƙannensa lokacin da za su zo.

Abin da nake tunani a kwanakin ba mutuwar matar ba ce kaɗai. Hatsari hatsari ne, kuma in shi ne ya riga ya yi zaman da aka yanke masa. Ƙaryar ce ta tsaya mini. Wata bakwai yana ba ni labarin sanyin Libiya da irin burodinsu. Na riƙa tambayar kaina ko ya taɓa ganin ƙasar, ko a bakin wani fursuna ya ji. Kuma na yanke cewa in ta tabbata, zan kai wa Baba takardar in ce an yaudare shi. Har tausayinsa nake ji, dattijo ya yarda da mutum a masallaci.

Ranar Alhamis na nemi izinin rabin yini, na hau yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, zuwa kotu. Madam Maltiti ta ajiye mini fayil mai launin ƙasa, an ɗaure shi da zare, gefensa ya ci ƙura. Ta nuna mini benci kusa da taga.

"Karanta nan. Kada ka cire komai. Wanda kana so, na yi maka kwafi."

Shafin farko takardar tuhuma ce. Suna, shekaru, sana'a: yaron mota. Unguwa: Nyohini. Sunan uba: Mutaru. Shi ne, ba sauran shakka. Na juya.

Shafi na biyu bayanin abin da ya faru. Motar kaya ce ƙirar Kiya, shuɗiya, ɗauke da buhunan masara, ta fito daga ƙauye za ta kasuwar Aboabo. An rubuta lambarta. Na tsaya a kan lambar. Na san ta, ban dai san daga ina ba.

Shafi na huɗu takardar beli ce, na kwanakin da ya yi a waje kafin a yanke hukunci. Wanda ya tsaya masa: Alhaji Shamsudeen, ɗan kasuwa, mai motar, Zogbeli. Ga lambar gidanmu. A ƙasa ga sa hannu da rubutun ajami, da wannan doguwar jelar da yake ja a ƙarshe. Shekara goma sha biyu wannan hannun yana sauka a kan katin sakamakona na makaranta.

Sai na tuna motar. A 2016 ina aji biyu na sakandare a makarantar kwana. Na tafi na bar shuɗiyar Kiya a ƙofar gida, na dawo hutu babu ita. Aka ce injin ya lalace an sayar. Ban ƙara tambaya ba.

"Ka samu abin da kana nema?" Madam Maltiti ta ce.

"Na samu. A yi mini shafi na ɗaya, na biyu da na huɗu."

Ban koma makaranta ba. Na wuce Nyohini kai tsaye. Ban taɓa zuwa shagonsa ba sai ranar. Rumfar kwano ce a bakin hanya, tsakanin mai faci da mai sayar da koko da ta riga ta tashi. Yana tsugune yana yanka ƙarfe, sanye da tsohuwar riga mai tabon fenti. Da ya gan ni ya kashe injin, ya goge hannu, ya jawo mini kujerar roba ya share ta da gefen rigarsa.

"Lafiya, Sakatariya? Da rana haka?"

Na miƙa masa takardun. Ya karɓa da hannu biyu. Bai karanta ba, kan shafin farko kawai ya duba, sai ya zauna a kan wani bulo.

"A ina kika samu?"

"Inda ake ajiye su."

Ya gyaɗa kai. Bai yi fushi ba, bai rantse ba. Na so ya yi ɗaya daga ciki, da abin ya fi mini sauƙi.

"Ka taɓa zuwa Libiya?"

"A'a. Ban taɓa wuce Kumasi ba."

"Sana'ar fa?"

"A ciki na koya. Akwai wani tsoho mai walda."

"Labarin burodin fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Wani ne da muka zauna ɗaki ɗaya. Shi ya je."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Sau uku na zo da niyyar faɗa. In na faɗi rabi za ki tambayi sauran, ke ba kya barin magana a tsakiya. Sauran kuma ba nawa ba ne."

"A masallaci kuka haɗu da Baba?"

"A'a. Wata biyar na yi ina bin motarsa. Ke kina makaranta lokacin."

Wata tifa ta wuce, muka jira ƙararta ta lafa. Na yi tambayar da ta fi damuna tun a kan bencin kotu.

"To ni mece ce a ciki? Lada? Ka yi hatsari da motarsa, ya ji tausayinka, ya ce ga 'yata?"

"Ban roƙi komai a wurinsa ba, Samiha. Tun da na fito ban taka ƙofarsa ba sai da ya aiko. Shi ya ce in zo in gaishe ki. Zuwan farko don kunyarsa na yi. Sauran duk don kaina."

Wannan ne karo na farko da ya kira sunana. Na lura, na ajiye a gefe.

"Matar fa? Kana tunaninta?"

"Kullum. Ni na ɗauke ta na sa a taksi. Tana riƙe da rigata har muka kai gada." Ya dubi hanya. "Babban ɗanta yana koyon aiki a Aboabo. Ina ganinsa, bai san ni ba."

"Me ya kai ka tuƙi ba lasisi da kaya cike da mota?"

Ya daidaita takardun a gwiwarsa, ya miƙo mini. Na ƙi karɓa.

"Wadudu, tambayarka nake."

Ya ɗago ya dube ni, abin da ba ya cika yi ba.

"A lokacin ban iya tuƙi ba," ya ce. "Har yau ma babur kawai na iya."

Na zauna ina kallonsa. A takarda an rubuta ya amsa laifi da bakinsa, gaban alƙali.

"Wa ke tuƙi?"

"Ba wanda ya tilasta ni. Wannan ki riƙe. Ni ba mata, ba 'ya'ya, uwata ta rasu. Na duba na ga ni ne wanda gida ba zai rushe ba in na tafi."

"Wa ke tuƙi?"

"Na yi alƙawari. Ba a bakina za ki ji ba. In kin ce kada mu zo Lahadi, zan gaya wa kawuna ni na fasa, ba za a taɓa sunanki ba."

Na karɓi takarduna na tashi. Ya ce zai kai ni a babur, na ce a'a.

A hanya na yi lissafin da kowa zai yi. Mutum biyu ne ke taɓa sitiyarin motar nan: Baba, da yayana Imurana. Yaya Imurana lokacin yana da shekara ashirin, ba lasisi, kuma duk unguwa ta san yana satar makulli ya zaga gari. Mma ta sha yi masa faɗa a kai. Yanzu malami ne, yana da mata da 'yar jaririya. Komai ya zauna daidai a kaina: ɗa ya yi kisa, uba ya nemo wanda zai ɗauka. Na kwana da wannan. Da safe saƙon ƙarfe shida da rabi bai zo ba.

Ranar Juma'a al'adar gidanmu ce Yaya Imurana ya biyo Baba daga masallaci su ci abinci tare a zaure. Mma ta tuƙa tuwon masara da miyar ayoyo, da naman zabo saboda baƙin da ke tafe sun sa ta cikin farin ciki. Ta ce in kai musu. Na ɗora kwanukan a faranti, da ruwan wanke hannu, na ninke takardun uku na sa a gefe.

Baba yana zaune a kan buzunsa cikin farar babbar riga, carbi a wuyan hannu. Yaya ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yana ba shi labarin wani ɗalibinsa. Na durƙusa na ajiye, na zuba musu ruwa, suka wanke hannu suka fara.

"Amarya da kanta," Yaya ya ce. "An gama ɗinkin?"

"An gama. Yaya, duba mini wannan."

Shi na miƙa wa, kuma fuskarsa nake kallo. Ya karɓa da hannun hagu yana tauna. Ya karanta shafin farko, ya ɗaga gira. Ya karanta na biyu.

"Wannan ai lambar tsohuwar Kiyarmu ce," ya ce. "Wadudu? Wadudun naki? Yaushe aka yi wannan?" Ya juya shafi na huɗu, ya kai shi kusa da ido. "Baba, ba cewa aka yi injin ya buga ba? Ina Kumasi wajen Kawu aka kira ni aka ce an sayar."

Na shekara huɗu ina kallon fuskokin mutane lokacin da aka ajiye musu takarda a gaba. Na san fuskar wanda aka kama. Ba ita ce a kan yayana ba.

Baba bai karɓi takardar ba, bai ma dube ta ba. Lomar da ya ɗebo tana hannunsa, ya mayar da ita cikin kwano a hankali. Ya jawo ruwan, ya wanke yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya goge da tawul. Daga cikin gida ina jin Mma tana tambayar Adiza a waya ko ta samo mai lalle.

"Imurana," Baba ya ce, "ɗauki abincinka ka shiga ciki. Ka jawo mana ƙofar."